Shekara 17 a Kan Ƙuduri Ɗaya: Yadda Iyalai Suka Samu Ikon Yin Magana da Yawun Majiyyacinsu a Jihar Niyok

Mutumin da kujerarsa

Wannan nazari ya shafi Richard Gottfried, tsohon ɗan majalisar dokokin jihar Niyok ta Amurka, Bayahude, ɗan jam'iyyar Dimokurat, wanda ya wakilci wani yanki na tsakiyar Manhatan. An haife shi a 1947. Ya ci zaɓe a 1970 yana ɗan shekara 23, lokacin bai ma gama karatun lauya a Jami'ar Kolambiya ba. Ya hau kujera a Janairun 1971, bai sauka ba sai ƙarshen Disamban 2022. Wa'adin ɗan majalisa a jihar shekara biyu ne, wato sau 26 ke nan yana komawa gaban masu zaɓe suna mayar da shi. A tarihin majalisar jihar babu wanda ya kai shi daɗewa.

Daga 1987 har ya sauka shi ne shugaban kwamitin lafiya na ƙaramar majalisa, kuma ya riƙe muƙamin shekara 35. Sai an san yadda majalisar take kafin a gane nauyin wannan kujera. Ba kamar jihohin Najeriya ba masu majalisa ɗaya, jihar Niyok tana da biyu a birnin Albani: ƙarama mai kujera 150, da ta dattawa, wadda a shekarun da ake magana kujerunta 61 ne, daga 2003 suka koma 62. Ƙuduri ba ya zama doka sai majalisun biyu sun amince da rubutu iri ɗaya, kalma da kalma, sannan gwamna ya sa hannu. Duk ƙudurin da bai wuce ba har zangon shekara biyu ya ƙare, ya mutu ke nan; sai a sake shigar da shi da sabuwar lamba. Ana shigar da ƙudurori fiye da dubu goma a kowane zango, mafi yawansu ko daga kwamiti ba sa fita. Shugaban kwamiti shi ke zaɓar abin da za a sa a jadawali, shi ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ma'aikatansa ne ke zama da na ɗaya majalisar idan za a daidaita rubutu.

Akwai wani abu kuma: Dimokurat ke riƙe da ƙaramar majalisa tun 1975, su kuwa Rifablikan suna riƙe da ta dattawa tun tsakiyar shekarun 1960 har zuwa ƙarshen 2008. Duk abin da ɗan majalisar ya so, dole ya bi ta hannun mutanen da ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

1981 zuwa 1988: inda matsalar ta faro

Mai karatu da ya saba da asibitocinmu, inda ake kiran miji ko babban ɗa ya sa hannu a takardar tiyata, zai yi mamakin jin cewa har zuwa 2010 dokar jihar Niyok ba ta bai wa iyali cikakken ikon yanke wa majiyyacinsu shawara idan hankalinsa ya gushe ba. A aikace likitoci suna neman amincewar dangi kafin su yi aiki, amma al'ada ce kawai. Idan maganar ta zama ta dakatar da na'ura ko cire robar abinci, nan dangi ba su da ta cewa.

Kotun ƙoli ta jihar ce ta kafa wannan matsayi, a hukunci biyu. Na farko ya fito a 1981, ya haɗa shari'u biyu. Ɗaya ta wani dattijo ne ɗan ɗarikar Katolika mai shekara 83, wanda zuciyarsa ta tsaya ana tsakiyar yi masa aikin gwaiwa, ya faɗa dogon suma. Da ma ya sha faɗa wa 'yan uwansa na ɗarika cewa idan ya shiga irin wannan hali kada a riƙe shi da na'ura. Kotu ta ce a cire masa na'urar numfashi, domin nufinsa a bayyane yake. Ɗaya shari'ar ta wani mutum ne mai shekara 52 da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa mai tsanani, tunaninsa bai wuce na yaron da bai cika shekara biyu ba, ga ciwon daji a mafitsara da ya riga ya yaɗu. Ana yi masa ƙarin jini a kai a kai. Mahaifiyarsa ta ce a daina, wahala kawai yake sha. Kotu ta ce a'a: tunda bai taɓa samun hankalin da zai faɗi abin da yake so ba, babu mai ikon ƙin magani a madadinsa, ko da uwar da ta haife shi ce. Dukansu biyu sun rasu kafin a karanta hukuncin.

Hukunci na biyu, na 1988, shi ya ƙara ɗaure igiyar. Wata tsohuwa ce mai shekara 77 da shanyewar ɓarin jiki ta buge sau da dama, har ta kasa haɗiyar abinci. 'Ya'yanta mata biyu, dukansu ma'aikatan jinya, suka ƙi yarda a sa mata robar abinci ta hanci, suka ce shekara da shekaru tana faɗin ba ta son a riƙe ta da na'urori. Kotu ta ce maganganunta na gama-gari ne, irin waɗanda mutum kan yi idan ya ga wani yana shan wahalar jinya, ba su nuna tsayayyen ƙuduri a kan irin halin da take ciki ba. Aka sa robar.

Ma'aunin da ya fito daga nan shi ne hujja bayyananniya mai gamsarwa, wato mafi tsaurin ma'auni a shari'ar da ba ta laifi ba. Jihohi biyu ne suka yi suna da wannan tsauri, Niyok da Mizuri, kuma a 1990 Kotun Ƙolin Amurka ta ce jiha tana da damar kafa irin wannan sharaɗi idan ta ga dama. Saboda haka babu mafita ta kotu. Sai dai majalisa.

1985 zuwa 1991: an fara gutsurar matsalar

A 1985 Gwamna Mario Cuomo ya kafa kwamitin ƙwararru kan rayuwa da doka. Akwai likitoci da lauyoyi da ma'aikatan jinya da masana falsafa, ga limaman Kirista da malaman Yahudawa. Kwamitin bai tunkari babbar matsalar kai tsaye ba, ya fara da inda aka fi samun abin kunya.

Abin kunyar shi ne maganar farfaɗo da zuciya. Tunda babu dokar da ta halatta a rubuta cewa kada a farfaɗo da majiyyaci, asibitoci sai suka ƙirƙiro dabarun ɓoye. A wani asibiti a yankin Kwins, bincike ya gano ana manna ɗan ɗigo mai launin shunayya a katin majiyyaci, alamar idan zuciyarsa ta tsaya a ƙyale shi, kuma ana yar da katin bayan ya rasu don kada a samu shaida. Ba majiyyacin ba, ba danginsa ba, babu wanda aka tambaya. A wasu wuraren kuma ana yin farfaɗowar ganin ido: a buga ƙararrawa, ma'aikata su taho a hankali, su yi abin da za a rubuta a fayil. Dokar 1987, wadda ta fara aiki a 1988, ta bai wa dangi ikon amincewa da umarnin kada a farfaɗo, da jerin wanda ke gaba da wani. Amma a kan farfaɗo da zuciya kaɗai.

Mataki na biyu shi ne dokar naɗa wakilin lafiya ta 1990, wadda ɗan majalisar ya jagoranta, ta fara aiki a Janairun 1991. Tsarinta mai sauƙi ne. Duk mai shekara 18 da hankalinsa zai iya cike takarda ya ambaci wanda zai yi magana da yawunsa, shaidu biyu manya su sa hannu. Ba a bukatar lauya ko hatimin kotu. Sharaɗi ɗaya aka ɗora: wakili ba zai yanke shawara a kan abinci da ruwa ta roba ba sai in an san ra'ayin mai takardar a kan wannan, shi ya sa ake barin wuri a takardar don mutum ya rubuta cewa wakilinsa ya san nufinsa.

Dokar ta yi aiki ga wanda ya cike takardar. Matsalar ita ce mafi yawan mutane ba sa cikewa. Saurayin da ya yi haɗarin babur bai cike ba. Tsohon da mantuwa ta kama tun kafin a yi zancen bai cike ba. Wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa kuwa ba zai taɓa iya cikewa ba.

1992 zuwa 1993: ƙudurin ya shiga majalisa

A 1992 kwamitin ƙwararru ya fitar da rahoto a kan yanke shawara ga majiyyacin da ba shi da ikon yanke wa kansa, tare da daftarin doka. A 1993 ɗan majalisar ya shigar da ƙudurin a ƙaramar majalisa. Ginshiƙansa huɗu ne: yadda za a tabbatar hankalin majiyyaci ya gushe, wa zai tsaya masa, da wane ma'auni zai yanke shawara, da kuma inda za a kai rigima idan ta taso, ba tare da an je kotu ba. Ƙungiyoyin likitoci da na asibitoci da na lauyoyi da na tsofaffi sun goyi baya. A ido, ƙuduri ne da ba zai wuce zango ɗaya ko biyu ba.

1994 zuwa 2002: adawar masu addini

Cikas na farko ya zo daga ƙungiyoyin addini da masu fafutukar kare rai. Majalisar limaman Katolika ta jihar, wadda muryarta ke da nauyi a wurin shugabannin majalisar dattawa, ta nuna adawa. Tsoronsu a fili yake: kada a buɗe ƙofar da za a riƙa cire wa tsofaffi da naƙasassu abinci da ruwa saboda dangi sun gaji, ko asibiti na son gado. A ƙarshen 1994 kuma Cuomo, wanda kwamitinsa ya haifi ƙudurin, ya faɗi zaɓe, George Pataki na Rifablikan ya hau.

A nan akwai abin lura game da addinin ɗan majalisar. Wanda bai san Yahudawan Amurka ba zai iya zaton kansu a haɗe yake a irin wannan batu. Ba haka ba ne. Shi ɗan majalisar yana cikin ɓangaren masu sassaucin ra'ayi, waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga zaɓin mutum. Masu riƙon gargajiya kuwa, musamman na yankin Buruklin, shari'arsu ta ɗora ceton rai a kan kusan kowace doka ta addini, kuma da yawa daga malamansu suna ɗaukar abinci da ruwa a matsayin hakkin mai rai, ba magani ba. Ƙungiyarsu ta Agudath Israel ta daɗe tana sa ido a kan duk dokar da ta taɓa ƙarshen rai, har ta fitar da tata takardar naɗa wakili wadda ke cewa a bi shari'ar Yahudawa, a kuma tuntuɓi malamin da mai takardar ya ambata. Tun a 1987 ma, da jihar ta amince da mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa, sai da aka sa wa asibitoci sharaɗin yin la'akari da iyalin da addininsu bai yarda da hakan ba. Damuwar waɗannan ta bambanta da ta sauran: su tsoronsu kada asibiti ya cire na'ura alhali dangi suna so a ci gaba. Zamansa Bayahude bai sauƙaƙa masa komai da su ba.

Abin da aka gwada a waɗannan shekaru shi ne gyaran rubutu. Aka ƙuntata yanayin da za a iya dakatar da magani mai riƙe rai. Aka ƙara sharaɗin likita na biyu. Aka rubuta ƙarara cewa dole a bi aƙidar majiyyaci ta addini. Aka sa sashen da ya ce idan waliyyi, wato mai tsaya wa majiyyaci, ya nemi a ci gaba da magani, likitan da bai yarda ba dole ya ci gaba har sai an mayar da majiyyacin wani wuri ko kotu ta duba. Aka kuma ba asibitocin addini da ma'aikata ɗaiɗaiku damar janye hannu daga abin da ya saɓa wa imaninsu, muddin sun sanar kuma sun miƙa majiyyacin ga wani. Kowane gyara ya rage adawa kaɗan. Babu wanda ya kai ƙudurin ga teburin gwamna. Duk shekara biyu sai a sake masa lamba.

1999 zuwa 2003: majiyyaciyar Sirakus

A Disamban 1999 aka kwantar da wata mata mai shekara 42 a wani asibiti a birnin Sirakus. Tun tana jaririya take da naƙasar ƙwaƙwalwa mai tsanani. Hanjinta ya daina aiki, likitoci suka ce mutuwa take yi. Danginta da likitocinta da kwamitin ɗa'a na asibitin duk suka yarda a bar ta da maganin rage raɗaɗi. Lauyoyin gwamnatin jiha suka ce doka ba ta yarda ba, hukuncin 1981 yana nan. Aka ci gaba da ɗura mata ruwa mai sukari ta jijiya. Jikinta ba ya iya sarrafa abin da ake ba ta, ta kumbura, fatarta ta fara tsagewa, aka kwashe fiye da wata biyu a haka. A Maris na 2000 alƙali ya ba da izinin a daina, ta rasu bayan 'yan kwanaki. 'Yar uwarta ta kai jami'an gwamnati ƙara, ba ta yi nasara ba, domin kotu ta ce dokar da ke ƙasa suka bi.

Wannan lamari ya motsa majalisa, amma ba yadda masu ƙudurin suka so ba. A 2002 aka zartar da wata doka ta daban, wadda ta fara aiki a 2003, ta ba masu kula da mutanen da ke da naƙasar ƙwaƙwalwa tun haihuwa ikon dakatar da magani bisa wasu sharuɗɗa. Sai aka wayi gari da wani abu bambaraƙwai: wanda bai taɓa samun hankali ba yana da mai tsaya masa, wanda kuwa ya yi shekara saba'in da hankalinsa sannan ya rasa shi, ba shi da kowa. Masu goyon bayan babban ƙudurin suka riƙe wannan a matsayin hujja, kuma hujja ce mai wuyar amsawa.

2003 zuwa 2008: jimla biyu

Zuwa farkon shekarun 2000 an kusa gama daidaitawa a kan ainihin ƙudurin. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Majalisar dattawa ta sa wata jimla a rubutunta: idan majiyyaciya tana da juna biyu, waliyyinta ya yi la'akari da abin da shawararsa za ta jawo wa ɗan tayin. A wurin masu ita, wannan hankali ne kawai, kuma da ita aka lallashi masu adawa na ɓangaren addini. A wurin 'yan ƙaramar majalisa masu kare 'yancin zubar da ciki, da ƙungiyoyin da ke bayansu, ambaton ɗan tayi a doka a matsayin mai hakki na kansa tubali ne da za a yi gini a kai gobe. Suka ce ba za su yarda ba.

Ƙaramar majalisa ita ma ta sa tata: a jerin masu tsaya wa majiyyaci, abokin zaman da ba a ɗaura aure da shi ba ya zama daidai da miji ko mata. Wannan ya haɗa da masu zaman jinsi ɗaya, waɗanda a lokacin jihar ba ta ɗaura musu aure. Sai a 2011 ta fara. Mazaɓar ɗan majalisar tana cikin yankunan da cutar ƙanjamau ta fi yi wa ɓarna a shekarun 1980, inda aka sha ganin wanda ya yi jinyar mutum shekaru ana tsayar da shi a bakin ƙofa idan dangin jini sun iso. Ba zai iya komawa gida da dokar da ta cire su ba. Shugabannin majalisar dattawa kuma ba sa son wannan kalma a doka.

Ya zama ƙadangaren bakin tulu. Idan ya karɓi jimlar ɗan tayi, 'yan jam'iyyarsa za su kashe ƙudurin a majalisarsa. Idan ya ƙi, ba zai wuce ɗaya majalisar ba. Majiyyatan da ke kwance a sume da juna biyu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da dubban tsofaffin da dokar za ta shafa, amma kowane ɓangare yana kallon jimlar ne da idon wani yaƙin daban. Zango uku suka wuce a haka. A asibitoci kuwa aka ci gaba da abin da aka saba: wasu likitoci su matsa wa dangi da tambaya har sai wani ya tuno wata magana da majiyyacin ya taɓa yi, a rubuta ta a fayil a matsayin hujja, wasu asibitocin, bisa shawarar lauyoyinsu, su ci gaba da kowane magani har rai ya fita.

2009 zuwa 2010: an buɗe ƙofa

A zaɓen Nuwamban 2008 Dimokurat suka karɓe majalisar dattawa da kujera 32 a kan 30. Kwamitin lafiya na dattawa ya koma hannun Sanata Thomas Duane, wanda mazaɓarsa ta haɗa da unguwannin da ɗan majalisar ke wakilta. Karo na farko ke nan da shugabannin kwamitocin biyu suke magana da murya ɗaya a kan jimlolin nan.

Duk da haka 2009 ta kuɓuce. A ranar 8 ga Yuni sanatoci biyu na Dimokurat suka haɗa kai da Rifablikan don kifar da shugabancin majalisar, aka yi wata guda ba a aikin kirki, daidai lokacin da aka saba zartar da yawancin dokoki. Shekarar ta ƙare majalisun biyu ba su amince da rubutu ɗaya ba.

A Janairun 2010 ƙaramar majalisa ta zartar, a Fabrairu ta dattawa ta bi, da ƙuri'un 'yan jam'iyyun biyu. Gwamna David Paterson ya sa hannu ranar 16 ga Maris, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, a matsayin babi na 29-CC na dokar lafiyar jama'a. Abokin zama ya shiga jerin. Kalmar ɗan tayi ba ta fito ba. Amma a cikin abubuwan da aka ce waliyyi ya duba wajen auna maslahar majiyyaci, an sa duk wani yanayin lafiya da yake ciki, kuma kowa ya san juna biyu yanayin lafiya ne.

Abin da dokar ta tanada

Ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai hankalin yanke wa kansa shawara har sai likitan da ke kula da shi ya tabbatar da akasin haka, ya rubuta dalili da tsawon lokacin da ake zaton halin zai ɗauka. Idan maganar dakatar da magani mai riƙe rai ce, sai wani ma'aikacin lafiya na biyu ya duba da kansa ya amince. Idan majiyyacin ya ƙi yarda da hukuncin, maganarsa ce a sama sai in kotu ta ce ba haka ba.

Wanda ya riga ya naɗa wakili, wakilinsa ke magana. In babu, jerin shi ne: wanda kotu ta naɗa mai kula da shi, sai miji ko mata da ba su rabu a hukumance ba ko abokin zama, sai ɗa ko 'ya mai shekara 18 zuwa sama, sai iyaye, sai ɗan'uwa ko 'yar'uwa baligai, sai aboki na kusa, wanda zai kawo rubutacciyar shaida cewa ya san majiyyacin da aƙidarsa. Waliyyi ba ra'ayinsa zai bi ba. Abin da majiyyacin yake so shi ne farko, har da imaninsa. Sai in ba a san wannan ba a koma ga maslaharsa.

Dakatar da magani mai riƙe rai yana da ƙofa biyu. Ta farko: maganin ya zama nauyi mai tsanani, kuma likitoci biyu sun tabbatar majiyyacin zai rasu cikin wata shida ko an yi maganin ko ba a yi ba, ko kuma ya shiga suman da ba farfaɗowa. Ta biyu: ciwon ba ya warkewa, kuma maganin zai jawo azabar da duk mai hankali zai kira rashin tausayi. A gidajen kula da tsofaffi, ƙofa ta biyu ba ta buɗuwa sai kwamitin ɗa'a ko kotu ta amince, in ban da batun farfaɗo da zuciya. A asibiti ma ana kai wa kwamitin idan likita bai yarda a cire robar abinci ba. Kwamitin aƙalla mutum biyar ne, da likita, da nas, da wani da ba ya cin albashin asibitin.

Inda aka fi samun tangarɗa a aikace shi ne tsakanin 'yan aji ɗaya a jerin masu tsaya wa majiyyaci. Dokar ta jera azuzuwa, amma ba ta ce babban ɗa ya fi ƙarami ba. 'Ya'ya huɗu, biyu na so a cire, biyu na so a bari: kwamitin ɗa'a ne zai zauna da su, kuma a yawancin irin wannan shawara kawai yake bayarwa. Sai kuma majiyyacin da ba shi da kowa. A nan likita zai iya yin magani na yau da kullum shi kaɗai, babban aiki kamar tiyata sai da likita na biyu, amma dakatar da na'ura sai da kotu, ko kuma in likitoci biyu sun tabbatar mutuwa ta gabato ko da an yi maganin.

Bayan 2010

Dokar ta fara da asibitoci da gidajen tsofaffi. A 2011 aka faɗaɗa ta zuwa wuraren kula da masu jinyar ajali, daga baya aka ba manyan ma'aikatan jinya da mataimakan likitoci damar yin wasu ayyukan da aka keɓe wa likita. Dokar 2002 ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zama daban da nata sharuɗɗan, har yanzu ma'aikacin asibiti sai ya fara tantance wace doka ce ta hau majiyyacinsa.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Gyaran rubutu na shekarun 1990 bai zartar da ƙudurin ba, amma ba asara ba ne. Shi ya sa da ƙofa ta buɗe a 2010 ba a tsaya sabon ciniki ba, kuma 'yan Rifablikan da dama suka jefa ƙuri'ar amincewa. Sassan da aka rubuta don kwantar da hankalin masu addini, musamman wanda ya hana likita cire na'ura idan dangi na so a ci gaba, sun inganta dokar. Gutsurar matsalar ma ta taimaka ta wata fuska: dokokin 1987 da 1990 da 2002 sun nuna cewa ba dangi iko bai jawo ɓarnar da ake tsoro ba. Ta wata fuskar kuma ta rage matsin lamba, domin duk ƙungiyar da aka biya wa bukatarta sai ta ja da baya.

Shekarun 2003 zuwa 2008 su ne masu wuyar karewa. Ɓangarorin biyu sun yarda da ainihin dokar, suka bar iyalai suna biyan kuɗin rigimar da ba tasu ba, kuma ɗan majalisar yana da nasa kason a wannan jinkiri, tunda shi ma ya ƙi sakin jimlarsa. Mafitar da aka samu a ƙarshe, kalma mai faɗi da kowa zai karanta yadda ya so, ba wata sabuwar hikima ba ce da sai an jira shekara shida.

Daɗewarsa a kujera ta yi amfani wajen abu ɗaya takamaimai: ƙudurin bai taɓa rasa mai shi ba. An yi gwamnoni huɗu tsakanin 1993 da 2010, amma mutumin da ya san dalilin kowace jimla da wanda aka yi wa alkawarinta yana nan. Haka ya yi da ƙudurin amfani da tabar wiwi a matsayin magani, wanda ya fara shigarwa a 1997, ya zama doka a 2014. Sai dai abin da ya buɗe ƙofa a 2010 kujeru biyu ne na rinjaye a majalisar da ba tasa ba. Ƙudurinsa mafi girma, na inshorar lafiya ɗaya ta gwamnati ga duk mazauna jihar, ya wuce ƙaramar majalisa a 1992, ya sake wucewa kowace shekara daga 2015 zuwa 2018. A 2019 jam'iyyarsa ta karɓe majalisar dattawa da rinjaye mai yawa, amma wannan karon adawar daga gida ta fito, daga ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan gwamnati da ba sa son rabuwa da inshorar da suka yi ciniki suka samu, ga kuma fargabar harajin da tsarin zai ci. Ya bar majalisa a Disamban 2022 ƙudurin yana kwamiti.